Aikin jinya a asibiti ko a masana'anta: matakan shiga da yadda ake lissafin albashi a Najeriya

Sau da yawa za ka tarar da ma'aikatan jinya biyu waɗanda suka gama makaranta ɗaya a shekara ɗaya, suna riƙe da lasisi iri ɗaya, amma bayan 'yan shekaru abin da ke shiga asusun ɗaya a ƙarshen wata ya ninka na ɗayan. Ba lallai ne wanda ya fi samun ya fi ƙwazo ko ya fi shan wahala ba. Galibi bambancin yana fitowa ne daga abu uku: wanda ya ɗauki mutum aiki, matakin da aka ɗora shi a kai ranar da ya kama aiki, da kuma shaidar ƙwarewar da ya ƙara a kan rajistarsa ta farko. Duk mai son ya tsara rayuwarsa a wannan sana'a, ko a gefen gadon majinyaci ko a ɗakin shan magani na wata masana'anta, ya kamata ya san waɗannan abubuwa tun kafin ya sa hannu a kan kowace takarda.

Mataki na farko: rajista da lasisi

Babu wanda ake kira ma'aikacin jinya mai rajista a Najeriya sai wanda sunansa ke cikin kundin Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, wato NMCN, wadda aka kafa a tsarinta na yanzu da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979. Hanyoyin kai wa ga wannan rajista biyu ne. Ta farko ita ce kwalejin koyon aikin jinya, wadda a da ake yin shekara uku a fita da shaidar RN, wato ta ma'aikacin jinya mai rajista, yanzu kuma kwalejoji da dama sun koma tsarin difloma da babbar difloma, inda ake shiga ta hanyar JAMB a yi shekara huɗu. Ta biyu ita ce digirin jinya na shekara biyar a jami'a, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero da ke Kano, sannan a yi horon shekara guda a asibiti kafin a tafi bautar ƙasa. Kowace hanya mutum ya bi, ana neman kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fizis da Kyamistare da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu.

Kafin iyaye su biya ko sisi, a tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda hukumar ta amince da su, kuma ɗalibin yana cikin adadin da aka yarje wa makarantar ta ɗauka. Wanda aka ɗauka a kan ƙari ba ya samun lambar da za ta ba shi damar zana jarrabawar hukumar, kuma ba a cika gane haka ba sai an yi nisa. Bayan an ci jarrabawa an karɓi lasisi, shi ma yana da wa'adi, ba a sabunta shi sai da shaidar halartar bitar ƙara ilimi da ake kira MCPDP. Lasisin da wa'adinsa ya ƙare ya isa ya hana mutum aikin da ya ci ganawarsa.

Mataki na biyu: shekarun farko a asibiti

Ko da burin mutum shi ne ya ƙare a kamfanin mai ko na siminti, shawarata ita ce ya fara da asibiti mai cunkoso, ya yi aƙalla shekara biyu ko uku, kuma ya nemi a zagaya da shi sashen gaggawa da ɗakin masu jinyar tiyata. Dalilin a fili yake. A asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano, ko babban asibitin jiha, idan majinyaci ya rikice akwai likita a kusa, akwai manyan nas-nas da za a kira. A masana'anta kuwa, ranar da injin ya kama hannun wani ko wani ya yanke jiki ya faɗi da tsakar dare, ma'aikacin jinyar shi kaɗai ne mai ilimin lafiya a wurin har a kai ga asibiti. Wanda bai taɓa tsayar da jini mai kwarara ba, bai taɓa sa ruwa a jijiyar da ta ɓuya ba, ba zai koyi hakan a ranar ba.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya kamata mutum ya kare kansa. A yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B, guda uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Idan allurar da aka yi wa majinyaci ta soke ka, ka wanke wurin da ruwa da sabulu, ka sanar da shugaban sashe nan take, domin maganin kariya daga cutar HIV dole ne a fara shi cikin awa 72, ana kuma shan sa kwana 28. Ma'aikata da yawa suna ɓoye irin wannan tsautsayi don gudun a ce sun yi sakaci, alhali rubuta shi a littafi ne kawai zai tsaya musu idan wani abu ya biyo baya.

Mataki na uku: ka iya karanta takardar albashinka

A cibiyoyin lafiya na gwamnatin tarayya ana biyan ma'aikatan jinya bisa tsarin albashin ma'aikatan lafiya da ake kira CONHESS, wanda Hukumar Kula da Albashi ta Ƙasa ta fitar a ƙarshen 2009. Tsarin yana da matakai 15, kowane mataki kuma yana da ƙananan hawa da ake ƙarawa duk shekara. Mai shaidar RN yawanci yana farawa ne daga mataki na 7, mai digiri yana yin horonsa na shekara a kan mataki na 8, sannan bayan bautar ƙasa a ɗora shi a kan na 9. Daga nan sai ƙarin girma, wanda a ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya yake zuwa duk bayan shekara uku a matakan tsakiya, shekara huɗu a na sama, idan an ci jarrabawa kuma akwai gurbi. Wanda ba shi da digiri yana iya hawa har ya zama babban jami'in jinya, amma muƙaman darakta da mataimakansa na masu digiri ne. Wannan shi ya sa ake ganin ma'aikata masu shekara goma sha a bakin aiki suna komawa jami'a, wasu ta Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa don kada su bar aikinsu.

Abin da ke shiga asusu ba gundarin albashi kaɗai ba ne. Akwai alawus na aikin karɓa-karɓa ga masu yin safe da yamma da dare, akwai na jiran kira ga wasu sassa kamar ɗakin tiyata, akwai na koyarwa a asibitocin koyarwa, akwai kuma na haɗari. Shi wannan na haɗari ya daɗe a kan naira 5,000 a wata, har lokacin annobar korona ma'aikata suna ƙorafi a kai, sai a watan Disamba na 2021 aka ɗaga shi zuwa tsakanin naira 15,000 da 34,000 gwargwadon matakin ma'aikaci. A 2023 aka ƙara kashi 25 cikin ɗari a kan yawancin matakan CONHESS, a 2024 kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. Duk da haka hauhawar farashi ta cinye kaso mai yawa na ƙarin, kuma batun alawus na karɓa-karɓa da na yunifom yana cikin abin da ya sa ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma, NANNM, ta shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen watan Yuli na 2025.

Sai kuma abin da ake cirewa. Dokar fansho ta 2014 ta ce a ciri kashi 8 daga ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya zuba kashi 10. Akwai haraji, akwai kuɗin asusun gidaje, akwai na ƙungiya, wani lokaci da na adashin ma'aikata. Idan mutum ya karɓi takardar albashinsa ta farko, ya zauna ya gwada ta da takardar kama aiki: shin matakin da aka rubuta a nan shi ne a can? Shin alawus ɗin karɓa-karɓa ya fito? Kuskuren mataki ɗaya a watan farko yana bin mutum shekaru, don a kansa ake gina kowane ƙarin girma, a kansa kuma ake lissafin fansho. A rubuta ƙorafi da wuri, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Jihohi ba dole ba ne su bi tsarin tarayya gaba ɗaya. Wasu suna biyan CONHESS cikakke, wasu wani kaso daga ciki, ƙananan hukumomi kuma sukan zo a baya. Saboda haka idan an ce maka jiha kaza tana biyan CONHESS, ka tambayi kashi nawa, kuma jadawalin wace shekara. Asibitoci masu zaman kansu ba su da ma'auni ɗaya: akwai manya a Abuja da Legas da ke biyan fiye da gwamnati, akwai ƙanana da ke biyan mai rajista abin da bai kai mafi ƙarancin albashi ba, ga aikin awa goma sha biyu, babu fansho. Wanda ya karɓi irin wannan aiki don ya sami gogewa bai yi laifi ba, amma ya sa wa kansa ranar tashi.

Mataki na huɗu: ƙara shaidar ƙwarewa

Bayan rajistar farko akwai kwasa-kwasan ƙwarewa na shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, waɗanda hukumar ke yi wa rajista ta dabam. A Arewa akwai jinyar ƙashi a Asibitin Ƙashi na Dala, jinyar ido a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, jinyar masu taɓin hankali a asibitin Barnawa da ke Kaduna da na Kware da ke jihar Sakkwato. Ga mai son fannin lafiyar ma'aikata, sananniyar makarantar ita ce ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Ma'aikacin gwamnati ya nemi hutun karatu a rubuce kafin ya tafi, domin shaidar da aka samo ba tare da izini ba ana iya ƙin sa ta cikin fayil.

Kamfanoni sukan nemi wasu takardun a kan wannan: shaidar ceton rai ta BLS da ACLS, waɗanda ake sabuntawa duk shekara biyu, da shaidar kiyaye haɗura irin ta NEBOSH. Mai son aiki a rijiyoyin mai na cikin teku sai ya yi horon BOSIET, wanda ya haɗa da koyon fita daga jirgi mai saukar ungulu idan ya faɗa ruwa. Kwasa-kwasan nan suna da tsada, don haka kada a tara su barkatai. A duba tallan guraben aiki guda biyar ko shida na irin wurin da ake so, a ga takardar da ke maimaituwa, a fara da ita.

Mataki na biyar: ka san aikin da za ka shiga

A asibiti marar lafiya ne ke zuwa wurinka. A masana'anta mafi yawan waɗanda kake kula da su lafiyarsu ƙalau, aikinka shi ne kada sana'arsu ta lalata musu ita. Kowace masana'anta da irin nata haɗarin. A majemun zamani na Challawa da Sharaɗa a Kano akwai sinadarin kuromiyam mai cin fata. A kamfanonin siminti irin na Sakkwato da Ashaka da Obajana akwai ƙura da ƙara da zafi. A masaƙu ƙurar auduga tana toshe ƙirji, alamarta kuma ita ce ma'aikaci ya fi jin nauyin numfashi a ranar farko ta komawa aiki bayan hutun mako. Abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ya nuna cewa haɗarin sana'a ba ya tsayawa a wurin aiki, yana bin mutum har gida a jikin tufafinsa.

Ɗauki misalin gwajin ji. Ma'aikacin da ke tsaye kusa da injin niƙa awa takwas a cikin ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 yana cikin haɗarin kurumcewa a hankali, kuma ba ya warkewa. Ranar da aka ɗauke shi aiki za ka sa shi a ɗaki marar hayaniya, ka ɗora masa abin sauraro a kunne, ya riƙa danna maɓalli duk sa'ad da ya ji sauti, ka ajiye sakamakon. Bayan shekara ka maimaita. Idan layin da ke kan takardar sakamakon ya fara lotsawa a wajen sauti mai kaifi, musamman kusa da hertz 4,000 a ma'aunin kaifin sauti, kunnen ya fara lalacewa, alhali shi mai kunnen zai rantse maka yana ji garau. A nan aikin yake: ka tashi ka shiga cikin masana'antar, ka ga ko toshin kunnen da aka raba yana cikin kunne ko yana cikin aljihu, ka ji dalili. Sau da yawa za a ce maka yana sa ƙaiƙayi, ko ba a jin kiran abokin aiki idan an sa shi, kuma maganin wannan sauya irin toshin ne, ba faɗa ba. Haka gwajin huhu yake ga masu aiki cikin ƙura, da gwajin jini ga masu taɓa dalma. Ma'aikacin jinyar da ya zauna a ɗakin magani yana raba farasitamol da maganin maleriya daga safe zuwa yamma ya bar rabin aikinsa bai yi ba.

Akwai dokokin da dole ka san su kamar tafin hannunka. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta ajiye akwatin taimakon farko, ta kuma ce a kai rahoton duk haɗarin da ya kashe ma'aikaci ko ya hana shi aiki fiye da kwana uku ga jami'an duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 na jimlar albashin da suke biya a asusun NSITF, wato hukumar da ke biyan diyyar. A ƙarƙashinta wanda ya ji rauni zai sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14, su kuma su kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara guda. Abin da ka rubuta a littafi a ranar haɗarin, da lokaci da wuri da irin raunin, shi ne hujjar da iyalin wani za su dogara da ita.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne riƙon sirri. Kamfani ne ke biyan ka, amma ma'aikaci ne ya ba ka amanar jikinsa. Manaja zai iya shigowa ya ce, "Sista, wai me ke damun wane ne yake yawan fashin aiki?" Amsar da ta halatta ita ce mutumin ya dace da aikin, ko ya dace bisa wasu sharuɗɗa, ko bai dace ba na ɗan lokaci. Sunan cutar ba na manaja ba ne. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar HIV ta 2014 ta haramta sa gwajin cutar ya zama sharaɗin ɗaukar aiki, dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kariyarsu. Ranar da ma'aikata suka gane cewa abin da suka faɗa a ɗakin magani yana isa ofis, sun daina zuwa ke nan sai an ɗauko su ranga-ranga.

Mataki na shida: wa ya ɗauke ka?

An saba jin cewa aikin kamfani ya fi na asibiti tsoka. Wani lokaci haka ne, musamman a harkar mai da iskar gas, inda akan haɗa albashi da kuɗin gida da inshorar lafiyar iyali, wasu kuma su yi makonni a wurin aiki su yi makonni a gida. Amma kamfanoni da yawa ba sa ɗaukar ma'aikatan jinya da kansu. Suna ba wani asibiti ko ɗan kwangila aikin kula da ɗakin maganin, shi kuma ya turo nasa mutanen. Sai ka ga mutum sanye da hular kwano mai tambarin babban kamfani, yana shiga motar ma'aikata tare da kowa, amma albashinsa na ƙaramin asibiti ne, kuma kwantiraginsa na shekara guda ne wanda zai mutu ranar da ɗan kwangilar ya rasa aikin.

Saboda haka kafin ka ajiye aikin gwamnati, ka duba sunan da ke saman takardar ɗaukar aikin. Ka tambayi ko adadin da aka faɗa maka kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. Ka tambayi awa nawa ne a mako, ko ana biyan aikin da ya wuce lokaci, ko akwai likitan da za ka kira da motar ɗaukar marasa lafiya mai aiki, da kuma asibitin da aka yi yarjejeniya da shi. Ka nemi a nuna maka cewa ana zuba kuɗin fansho, domin cirewa dabam, zubawa dabam, kuma bayanin asusunka na wata uku zai nuna maka gaskiya. Sannan ka lissafa abin da za ka bari: ƙarin girma, hutun karatu da albashi, da tabbacin aiki har lokacin ritaya. Ga mai ƙananan yara, rabuwa da aikin dare kaɗai yana iya zama riba ko da kuɗin bai ƙaru sosai ba. Ga matashin da bai gama gogewa ba, zama shi kaɗai a ɗakin magani yana iya dusashe masa hannu, don haka wasu ke ci gaba da karɓar duti a asibiti lokacin hutunsu idan kwantiraginsu bai hana ba.

Idan ana tunanin fita waje

Ingila tana neman sakamakon jarrabawar Turanci, IELTS 7 ko OET mai darajar B, da ɗan sassauci a ɓangaren rubutu, sannan jarrabawar kwamfuta da ta gwajin aiki da ake yi a can. Sabon shiga asibitocin gwamnatinsu yana farawa a rukunin albashi na 5, wanda a shekarar 2025 ya ɗan haura fam 31,000 a shekara kafin haraji, kuma kuɗin haya yana cin kaso mai tsoka daga ciki. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da Ingila ta hana asibitocinta zuwa neman ma'aikatan lafiya a cikinsu, ma'ana mutum zai iya neman aiki da kansa kai tsaye, amma duk dillalin da ya zo yana tallan guraben asibitocin gwamnatin Ingila yana karɓar kuɗi abin tuhuma ne. Amurka tana neman jarrabawar lasisin jinya ta NCLEX, Saudiyya kuma tantance takardu ta DataFlow da jarrabawar Prometric. Dukkansu suna buƙatar NMCN ta tabbatar da rajistarka, kuma a watan Fabrairu na 2024 hukumar ta fitar da sababbin sharuɗɗan tantancewa da suka haɗa da shekara biyu na aiki, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas. Tun da sharuɗɗan suna sauyawa, a karanta sanarwar hukumar ta ƙarshe a shafinta kafin a biya kuɗin jarrabawar Turanci, domin sakamakonta shekara biyu kawai yake aiki.